Matattun da ba a yi wa sallama ba: abin da labarin fatalwa zai iya yi wa tarihin ƙasar Agiye

A jana'izar Bahaushe, kafin a ɗauki makara, akan sami wani dattijo ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya shaida wa iyalinsa, wanda kuma mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa don Allah. Daga nan sai zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, matarsa kuma ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Duk wannan tsari ya dogara ne ga abu guda: an ga gawa, an yi mata wanka da sutura, an san inda aka binne ta. To, wanda ya fita gona da sassafe mahara suka yi gaba da shi fa? Wanda ya tafi cin rani a shekarar yunwa, har yau ko saƙo babu? Matarsa ba ta san ranar da za ta fara ƙirga takaba ba, uwarsa ba ta san ko ta yi masa addu'ar matafiyi ko ta mamaci ba. A nan ne nake ganin labarin fatalwa yake da aikin yi, kuma aiki ne da marubutan Hausa suka daɗe da bari, alhali ƙasar da ta miƙe daga Gidan Rumji ta ratsa Agiye zuwa Gazawa cike take da irin waɗannan mutane.

Ba fatalwar da ake tsorata yara da ita nake nufi ba, mai farin likkafani da ke leƙowa ta bayan danga. Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ke ɗaukar wani zamani na gaskiya, da garuruwansa da sarakunansa da shekarunsa, sannan ya bar mamaci guda ya dawo cikin masu rai saboda akwai maganar da ba a ƙarasa ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Beloved na Toni Morrison, baƙar fata ƴar Amurka, wanda ya fito a 1987. Ta samo tushensa daga Margaret Garner, baiwar da ta gudu a 1856, da aka rutsa ta kuma ta yanka ƴarta don kada a mayar da yarinyar bauta. A cikin littafin yarinyar ta dawo gidan uwarta a matsayin budurwa, sai uwar ta rasa inda za ta ɓuya wa abin da ta shekara goma sha takwas tana binnewa a zuci. Kusa da mu kuma akwai fim ɗin Atlantique na Mati Diop, wanda ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Kan a 2019. Samari ne ƴan leburan gini a Dakar, an hana su albashi, suka hau kwalekwale za su Turai, teku ta cinye su. Da dare sai su dawo su shiga jikin masu rai, su nemi haƙƙinsu wajen mai ginin, ɗayansu kuma ya nemi dare guda da yarinyar da ya bari bai yi mata sallama ba. Duk wanda ya san yadda Hausawa ke maganar hawan iska zai gane wannan fim ba tare da an yi masa bayani ba.

Idan aka dubi ƙasar nan, tarihinta na ƙarni biyu tarihin rabuwa ne. Lokacin jihadi, wajen 1807, sarautar Katsina ta Haɓe ta faɗi, aka ce Sarki Magajin Haladu ya faɗa rijiya a Ɗankama, sauran suka yi arewa har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan haka ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari ke zuwa daga kudu, hari ke tafiya daga arewa, musamman a zamanin Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore, kuma kowane hari mata da yara yake kwasa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Gazawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Ya tarar da gari mai kafi wanda mutanensa ke zaune cikin shirin yaƙi, ya kuma wuce ta kufan Ɗankama a cikin dajin da ya raba ƙasar Katsina da ta Maraɗi. Dangi ɗaya ne a gefe da gefen wannan daji. Yarinyar da aka yi wa baiko a wannan gefe tana iya wayar gari kuyanga a wancan.

Sai kuma 1899, shekarar da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta biyo ta Birnin Ƙonni tana ƙona garuruwa tana kashe mutane, har ta iso gabashin ƙasar Maraɗi. A Ɗankori aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, shi da aka aiko ya tsayar da su, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. Kaburburan waɗannan Turawa biyu suna nan a Maijirgi, an san su. Waɗanda suka kashe a Koran Kalgo da sauran ƙauyuka kuwa, babu takardar da ta jera sunayensu. Bayan haka aka zo aka shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, Katsina ta faɗa wata ƙasa, Maraɗi wata. Yunwa ma ta yi nata rabon: Kakalaba a 1913 zuwa 1914, farin 1973, da yunwar 1984 wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan littafin tarihi ya isa ya ɗauka, ko ƙagaggen labari na tarihi wanda babu fatalwa a ciki. Muna da misali mai kyau kuwa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifar, labari ne na yaron da bauta ta raba da uwarsa, uwar ta ratsa hamada tana nemansa, suka sadu tana gab da cikawa. Amma a lura, Tafawa Ɓalewa ya tausaya wa mai karatunsa, ya bar su suka gana. Yawancin waɗanda aka raba a dajin Ɗankama ba su gana ba, kuma marubucin da ya riƙe gaskiyar tarihi ba shi da halin haɗa su da rai. Ga kuma wata matsala ta biyu wadda ta shafi ɗabi'armu. Matar Bahaushe ta da ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, idan ya rasu ma ana sa ran ta danne. Mai zuwa gaisuwa zai ce "Ya haƙuri?", a amsa masa da godiya, magana ta ƙare. Wannan kunya da wannan haƙuri sun riƙe al'umma a lokutan da ba don su ba da ta watse, ba na raina su. Sai dai sun sa akwai kalmomin da mace ba za ta taɓa faɗa wa mai rai ba, ko da ƴar uwarta ce. Mamacin da ya dawo cikin dare ba ya cikin waɗanda ake jin kunya. A gabansa tana iya kiran sunansa, ta ce ta yi fushi da tafiyarsa, ta ce ta auri ƙanensa ba da son ranta ba, ko kuma ta ce ta so wani bayansa kuma ba ta yi nadama ba. Wannan ƙofa ce da fatalwa ke buɗe wa marubuci, kuma ban ga wata dabarar da ke buɗe ta haka ba.

Batun sake samun dama ma yana da nasa kamanni a wajenmu. Auren Bahaushe bai rufe ƙofar dawowa ba: akwai biko idan mace ta yi yaji, akwai kome bayan saki, akwai zawarci, kuma tsofaffin masoya da aka hana aure suna ƙuruciya sukan haɗu bayan kowa ya zaga. Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a kan aure a Maraɗi ta fitar da littafi a 1997, ta nuna yadda mace guda kan yi aure fiye da ɗaya a rayuwarta ba tare da an ga baƙon abu ba. Mutuwa ce kaɗai ba a yi mata biko. Saboda haka marubucin da ya dawo da mamaci don ya sake aurar masoyiyarsa su zauna lafiya, ya yi wa mai karatu ƙarya, kuma ya ɗauko ta ne daga fina-finan Indiya irin su Karan Arjun, inda ake sake haihuwar mutum bisa aƙidar da ba tamu ba. Damar da ta dace da fatalwar Bahaushe ƙarama ce, amma nauyinta ya isa ɗaukar littafi: ya faɗi inda ƙasusuwansa suke, ya ambaci bashin da ke kansa, ya nemi gafara, ya sake ta ta yi aure da zuciya ɗaya. Wato ya zo ne a yi masa abin da dattijon nan ke yi a bakin makara, wanda ba a samu aka yi masa ba.

Babbar suka za ta fito ne daga wajen malamai, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau, balle a jihar Maraɗi inda tarzoma ta taɓa shafar masu bori, kamar a watan Nuwamba na 2000 lokacin da aka far wa gidan Iya, shugabarsu. Za su ce mamaci yana barzahu, Alƙur'ani ya bayyana a Suratul Muminun cewa mai roƙon a mayar da shi duniya ba a amsa masa, don haka rubuta akasin wannan ɓatar da jama'a ne. Gaskiya ne mamaci ba ya dawowa, kuma marubuci Musulmi ba ya bukatar ya yarda da dawowarsa kafin ya rubuta. Kakanninmu da suka ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zaton gizo-gizo yana aure ba, shi ya sa suke rufe tatsuniya da ƙurunƙus. Bello Kagara malami ne, alƙali ne kuma, amma ya kai Ganɗoki ƙasar aljannu bayan ya yaƙi Turawa, ba a ce ya bar addini ba. Ban da haka, ganin mamaci a mafarki abu ne da kowane gida ya sani, har a tashi a yi masa sadaka ko a biya masa bashi. Marubuci mai basira yana iya barin labarinsa a tsakanin mafarki da farke, yadda mai karatu ba zai iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Inda na yarda da malaman shi ne, littafin da ya koya wa mutane roƙon matattu ko neman biyan bukata a kabari ya wuce gona da iri. Amma labarin da nake magana a kai kusan wa'azi ne a kan haƙƙi, don fatalwarsa ba ta iya canza ko ƙwayar gero daga abin da Allah ya ƙaddara.

Suka ta biyu ita ce ta masana tarihi, masu tsoron kada ƙage ya gauraya da gaskiya har yara su kasa rabewa. Tsoron yana da tushe, don Sarauniya ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 ta kusa rufe Sarauniyar gaskiya, Mangu ta Lugu, a zukatan mutane. Amsar ita ce marubuci ya riƙe amana: kada ya taɓa shekara, kada ya sauya wanda ya ci yaƙi, kada ya sa wa sarkin gaskiya maganar da bai yi ba. Ƙagensa ya tsaya ga waɗanda takardu suka tsallake. Abin da aka rubuta game da ƙasar nan, malaman Sakkwato ne suka rubuta, ko matafiya Turawa, ko hafsoshin Faransa, sai kuma jerin sarakuna da maroƙan fada suka adana. A cikin duka huɗun babu mai dakan gero. Kuma fatalwa ba ta yaudarar kowa, don mai karatu na ganinta ya san an shiga ƙage, saɓanin littafin da ke saka ƙarya cikin rigar tarihi.

Akwai masu cewa tono yaƙe-yaƙen Haɓe da Fulani zai tayar da tsohon miki, a daidai lokacin da ƴan bindiga ke satar mutane a kan iyakar Gidan Rumji da Madarumfa. Ni kuwa gani nake halin da ake ciki ne ya sa labarin ya zama dole. A yau ma akwai matan da aka tafi da mazansu daji, suna zaune ba aure ba takaba, kamar kakanninsu na zamanin Ɗan Baskore. Labarin da ya sa matar Bagobiri da matar Bafulatani suna jiran irin amsa guda a gefe biyu na daji ɗaya, zai fi rage gaba a kan ya ƙara ta.

Masu karatu kuwa suna nan. Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun shekarun 1980, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun daɗe da ƙetaro iyaka, yanzu kuma ana karanta irinsu a rediyo, ana tura su ta WhatsApp, har wadda ba ta shiga lakwal ba tana sauraro tana daka. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai sauka daga mota a Cadawa ko Gazawa, ya zauna da tsofaffin mata a gindin gawo ya tambaye su wa ya tafi bai dawo ba. Waɗanda suka ji labarin 1899 daga bakin kakanninsu sun yi ƙaranci ƙwarai. Waɗanda suka yi jiran mazansu a 1984 kuwa da yawansu suna raye, shekarunsu sun haura sittin.