Sharhi: Abin yabo da abin zargi a fim ɗin Pacific Rim mai ƙattin mutum-mutumin ƙarfe

A unguwar Kagarawal da ke birnin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, akasarin matasa a waya suke kallon fina-finan ƙetare. Wasu sukan je shagon masu tura fim, wasu su sauke daga intanet. Akwai masu son fim da muryoyinsa na asali, akwai masu jiran fassarar Hausa, sana'ar da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice a kanta.

Daga cikin fina-finan faɗa da ake kallo ta wannan hanya akwai masu ƙattin mutum-mutumin ƙarfe, irin su jerin Transformers da aka fara a 2007, da Pacific Rim na 2013. Na biyun ya cancanci nazari, domin an shirya shi ne don makeken allon silima, kuma idan ya sauko kan allon da bai wuce tafin hannu ba, nan take ake gane abin da kuɗi suka saya da abin da basira ta samar.

Guillermo del Toro, ɗan ƙasar Meziko, shi ne ya ba da umarnin fim ɗin, wanda kamfanonin Legendary da Warner Bros suka fitar a watan Yulin 2013. An kashe dala miliyan 180 ko fiye wajen shirya shi.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wata ƙofa ta buɗe a ƙarƙashin Tekun Pasifik, dodanni na fitowa daga cikinta suna rusa biranen gaɓar teku. Ana kiransu Kaiju, kalmar Japananci da ta shahara tun bayan fim ɗin Godzilla na 1954. Sai ƙasashen duniya suka haɗa ƙarfi suka ƙera mutum-mutumin yaƙi masu tsawon kusan mita 80, aka sa musu suna Jaeger, wato mafarauci da Jamusanci.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne dokar da aka gina labarin a kanta: ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin sarrafa wannan ƙaton inji, sai an haɗa ta mutum biyu. Da zarar an haɗa, kowa zai ga abin da ke zuciyar ɗan'uwansa, har tsoronsa da baƙin cikin da ya daɗe yana ɓoyewa. Idan babu yarda tsakaninsu, injin ba zai yi biyayya ba. Bahaushe ya riga ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, fim ɗin kuma ya mayar da wannan magana ƙa'idar yaƙi.

Daga wannan doka aka samu fitowa mafi taɓa zuciya, inda Mako Mori, wadda 'yar Japan Rinko Kikuchi ta fito a matsayinta, ta nutse cikin tunanin ƙuruciyarta: ƙaramar yarinya ita kaɗai a titin Tokyo, riƙe da jan takalminta, dodo na biye da ita. Kwamanda Stacker Pentecost, wanda Idris Elba ya taka rawarsa, shi ya cece ta ya kuma riƙe ta tamkar 'yar cikinsa. Wannan fitowa ba ta rasa komai a ƙaramin allo.

Abu na biyu shi ne nauyi. Mutum-mutumin del Toro ba sa tsalle-tsalle kamar 'yan wasan motsa jiki. Sannu a hankali suke ɗaga hannu, naushi kan ɗauki lokaci kafin ya sauka, sai mai kallo ya yarda da cewa dubban tan na ƙarfe ne ke motsi. An kuma gina ɗakin tuƙi na gaske a birnin Toronto, wanda ake jijjiga shi da 'yan wasan a ciki, don haka gajiyar da ke fuskokinsu ba ta kwamfuta ba ce. A faɗan Hong Kong, inda mutum-mutumi ya jawo jirgin ruwa ya mayar da shi gora, an ga iyakar wannan gwaninta.

Iyaye ma za su lura fim ɗin ba shi da batsa, jarumin da jarumar ko sumba ba su yi ba. Duk da haka, a Amurka an sanya shi a rukunin da ake shawartar iyaye su yi hattara kafin yaron da bai kai shekara 13 ba ya kalla.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Jarumin fim ɗin, Raleigh Becket, bai da wani hali da zai zauna a zuciya bayan rashin ɗan'uwansa da aka nuna tun farko. Matuƙan mutum-mutumin Rasha da na Sin ba su samu bakin magana ba, aka hallaka su a faɗa ɗaya. Ita kanta Mako, da aka gina da kyau, a ƙarshe suma ta yi, namijin ya ƙarasa aikin.

Akwai kuma inda hankali ba ya ɗauka. Mutum-mutumin jarumin na ɗauke da takobi mai iya tsarge dodo gida biyu, amma ba a zare shi ba sai da aka gama shan wuya da naushi. Sannan yawancin faɗan cikin dare ake yinsa, ana ruwan sama, ko a ƙarƙashin teku. A silima hakan na ƙara kwarjini, a waya kuwa sai duhu da walƙiya.

Zargi mafi nauyi ya shafi ɓarna. Ana kwashe jama'a zuwa maɓoya kafin faɗa, don haka benaye kan zube ba gawa, ba makoki, ba marayun da za a riƙe. Mutanen Gombe, da suka ga hare-haren bam a tashoshin mota da kasuwa a 2014 da 2015, sun san ba haka rushewa take ba. Yaron da ya saba ganin gari na rugujewa a matsayin nishaɗi yana buƙatar babba ya tuna masa abin da kyamara ta kau da kai daga gare shi.

A kasuwa, fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 411 a duniya, kuma abin da ya samu a Sin ya zarce na Amurka. Wannan ne ya share fagen kashi na biyu, Pacific Rim Uprising na 2018, wanda John Boyega, haifaffen Landan mai iyaye 'yan Najeriya, ya jagoranta, yana kuma cikin masu shiryawa. An mayar da faɗan tsakar rana, an ƙara wa injinan sauri, amma nauyin nan ya tafi, aka kashe Mako tun da wuri, del Toro kuma bai ba da umarni ba. Kuɗin da aka samu bai kai dala miliyan 300 ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A nan masu shirya fim a Kannywood da matasan Gombe masu gwada sa'arsu a YouTube ke da abin ɗauka. Ba su da dala miliyan 180, ba kuma za su ƙera dodon kwamfuta da zai yi gogayya da na Amurka a yanzu ba. Amma abin da ya rage na Pacific Rim bayan ƙaramin allo ya haɗiye girmansa shi ne mutum biyu da tilas ta sa su yarda da juna, da marainiya da uban riƙonta. Irin wannan labari alƙalami da takarda kawai yake buƙata, kuma akwai shi a kowane layi na Kagarawal.