Karen Wane Ne? Abin da Ya Kamata Mai Kare Ya Sani a Gaya

Duk ranar da kare ya ciji yaro aka garzaya da shi likita, tambaya biyu ma'aikacin lafiya zai fara yi: karen wane ne, kuma an yi masa allura? Sau da yawa amsar ta farko ita ce "na unguwa ne", ta biyun kuwa sai a tsaya kallon juna. Kowa ya san ƙofar gidan da karen yake kwana, kowa ya san mai watsa masa ƙanzo, amma da ya yi ɓarna sai a rasa mai cewa nasa ne. Daga wannan riƙon sakainar kashi mafi yawan matsalolin kare suke tasowa.

A Gaya kare yana da aikin yi. Masu gonakin rake da shinkafa a fadamun bakin kogin Isa suna buƙatarsa, makiyaya ba su rabuwa da shi, mafarauta da masu ɗakunan ajiyar kaya ma haka. Ga shi kuma garin mahaɗa ce: Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi tana nan kusa. Ko da aka rufe gada bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane sun koma tsallakawa da jiragen ruwa. Kare kuwa ba ya tsayawa a duwan. Wanda ya bi garke ko ya bi mafarauci yana iya ɗauko ciwo a wata ƙasa ya kawo shi wata.

Matsayin kare a addini

Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasashenmu tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, har da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, a wurin malaman mazhabar, bin umarni ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya taƙaita ajiye kare ga tsaron gona, rakiyar dabbobi da farauta, malaman baya kuma suka shigar da gadin gida idan akwai tsoron ɓarayi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, kenan horar da kare tsohon ilimi ne a wurin Musulmi. Sannan ga hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishi. Idan har akwai dalilin ajiye shi, to cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyanka.

Kafin ka ɗauko kwikwiyo

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A cikin waɗannan makonni yake koyon iyakar cizo wurin ƴan uwansa: in ya ciza da ƙarfi su yi ƙara su bar wasan. Wanda aka ɗauke yana ɗan mako 3 ko 4 yakan taso da tsoro da saurin kai baki. Zaɓi mai kuzari, idonsa garau, cikinsa bai kumbura ba, wanda in ka durƙusa zai taho ya shinshina hannunka. Karen gida na gargajiya ya fi jure zafi da cututtukan yankin fiye da manyan karnukan Turai masu kaurin gashi da ake sayowa da tsada.

Ka kuma yi tunanin haihuwa. Karya tana neman namiji sau ɗaya ko biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma takan zubo ƴaƴa da yawa a haihuwa guda. Kwiyakwiyan da ake kaiwa juji a jefar, su ne gobe suke zama karnukan da ba na kowa ba. In ba ka son ƙari, malamin dabbobi yana iya fiɗiye namiji ko ya yi wa mace aikin hana haihuwa.

Ci da sha da inuwa

Kare yana cin sauran tuwo da shinkafa da wake, amma hatsi kaɗai ba ya riƙe shi. Yana buƙatar ɗan nama, kifi ko ƙwai, kuma dafaffe. Babba ya ci sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu, a kaskonsa na kansa da ba a haɗawa da kwanukan gida. Kare mai yunwa shi ke bin kajin maƙwabta, shi ke tonon juji.

Akwai abubuwan da suke illa gare shi: albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata masa jini, goro da cakulan suna sa zuciyarsa bugun da ya wuce kima, dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi suna tsagewa su soke hanji. Kada a ba shi maganin mutane irin su farasitamol ba da izinin malamin dabbobi ba, kuma a ɓoye maganin ɓera inda ba zai kai ba.

Akwai kuma abu biyu da za a kiyaye musamman. Na farko, hanta ko huhu mai ƙululun ruwa da aka ƙi a kwata, kada a jefa wa kare. In ya ci, tsutsa za ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma jikin tumaki da mutane. Na biyu, ɗanyen hanjin kifi. Nijar ta samu shaidar rabuwa da kurkunu daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013, amma a Chadi, a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari, ciwon ya ɓulla a jikin karnuka, har aka ƙirga fiye da dubu a 2016. Masu bincike sun danganta abin da ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsarwa. A binne su ko a dafa.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Mai nauyin kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya a rana, a bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, fiye da haka. Kada ruwa ya yanke a kaskonsa, kada a ɗaure shi a rana. In ka ɗora bayan hannunka a kwalta ka kasa jurewa, shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba.

Horo: ice tun yana ɗanye

Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo yake rarrabe abin tsoro da abin sabo. A wannan lokaci ya kamata ya saba da yara, da awaki, da kaji, da ƙarar babur. Wanda ya taso a kulle bai ga komai ba, shi ne yake bin ƴan kabu-kabu da gudu har ya kayar da mutum.

Kalma huɗu sun ishe shi: sunansa, "zo", "zauna" da "bari". A ce sunansa Duna. Ka riƙe ɗan ƙaramin nama a gaban hancinsa, ka ɗaga hannu a hankali zuwa saman kansa. Zai bi naman da ido, kansa ya ɗaga, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Daidai lokacin da ya taɓa ƙasa ka ce "zauna", ka saka masa naman a baki. Minti biyar da safe, minti biyar da yamma sun isa. Bayan ƴan kwanaki sai ka ga ya zauna da jin kalmar, yana kallon hannunka. Daga nan a rage nama, a yawaita shafa da yabo. Dukan mutanen gida su riƙe kalma ɗaya, kada maigida ya ce "zauna" yaro ya ce "kwanta".

Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi yanzun nan. In ka dawo da yamma ka tarar ya yayyaga takalmi tun safe ka rufe shi da duka, abin da ya koya shi ne dawowarka masifa ce. Haka kuma kada ka kira shi don ka doke shi, gobe ba zai zo ba.

Wasu suna kulle kare a duhu, su hana shi abinci ko su zuba masa barkono wai don ya yi zafi. Wannan tsoro yake sa masa, kuma kare mai tsoro bai san ɓarawo ba, bai san almajirin da ya zo bara ba. Aikin mai gadi shi ne ya yi haushi ya tashe ka. Ɗaurin dare da rana a gajeriyar sarƙa ma yana ɓata hali. A ba shi doguwar igiya a inuwa da rana, a sake shi a cikin gida da dare.

Su ma yara a koya musu nasu ladabin. Ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a jifansa, ba a cuna shi ga mutum ko da wasa. In baƙon kare ya taso, yaro ya tsaya cak, ya sauke hannu, ya kau da ido, domin gudu ne ke sa kare ya bi. Gurnani, tashin gashin baya da sandarewar jiki gargaɗi ne, a ja da baya.

Kaska, ƙazwa da tsutsa

Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, don haka da damina kaska da ƙuma suna yawa. A duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu. A kama kaska daga kai, daf da fata, a ja a hankali, kada a fasa ta da farce. Ƙurajen da suke fitowa a jikin kwikwiyo da ɗan rami a tsakiya, sau da yawa tsutsar wani ƙuda ce mai yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. In aka shafa man basilin a bakin ramin sai ta leƙo neman iska, a matse ta fito. Maganin abin shi ne share makwancinsa. Baƙin mai na inji da ake shafa wa mai ƙazwa guba ne, yana ƙona fata, kuma kare yana lashe shi.

Maganin tsutsar ciki, kwikwiyo ya sha duk mako 2 har ya kai wata 3, babba kuma duk wata 3. Kwikwiyon da ya kama amai da gudawa mai jini a kai shi wurin malamin dabbobi a ranar, ciwo ne mai kisa cikin ƴan kwanaki, kuma yana da rigakafi.

Ciwon haukan kare

Wannan ne babban lamari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake ɗauka. Ƙwayar cutar tana shiga ta cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Shi ya sa warkewar rauni ba ta nufin an tsira. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke yawo yana cizo ba. Wani lafewa yake, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ka kuskura ka zura hannu a bakinsa don cirowa.

In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tafi likita a ranar. Kada a sa toka, barkono ko gashin karen. Allurar ba guda ɗaya ba ce: ana yi a ranar farko, a koma bayan kwana 3, a koma bayan kwana 7, wani tsarin har da ta huɗu. Ko da neman ta zai kai mutum Dosso, ko Yamai mai nisan kusan kilomita 300, a tafi. Shi kuma karen, in yana kamuwa ba tare da haɗari ba, a killace shi ana ba shi abinci aƙalla kwana 10 da sanin ma'aikatan kiwo. In ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe shi, a sanar da su, domin akwai ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai.

Rigakafin cutar tsoho ne. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurarsa a kan wani yaro ɗan shekara 9 da kare ya ciza, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma ƙasashe sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina mutuwa da ita. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana daina yaɗuwa. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara ko yadda malamin dabbobi ya rubuta. Kuɗin allurar kare bai kama ƙafar kuɗin jinyar wanda aka ciza ba.

Haƙƙin maƙwabta

In karenka ya kashe kaza ko ya raunata akuya, ka biya kafin maganar ta kai gaban mai unguwa. Ka kwashe kashinsa ka binne, kada yara su taka. Ka tsare shi lokacin da masallata suke fita asuba da lokacin tafiyar ƴan makaranta. Ka sa masa abin wuya, don a san yana da mai shi. In za ka tsallaka da shi Malanbil ko Kamba, ka tafi da takardar allurarsa.

Ita wannan takarda a ajiye ta inda ake ajiye katin rigakafin yara. Ranar da tsautsayi ya faɗa aka tambaya karen wane ne, kai ne za ka ce nawa ne, ga ranar da aka yi masa allura, ga shi can a ɗaure ana lura da shi. Iyayen yaron za su tafi likita duk da haka, amma za su tafi da hankali kwance, kuma za ku ci gaba da gaisawa.