Abin da ke Cikin Buhun Mai Rufi

Wanda ya tsaya a kan gadar sama ta Kwangila a Zariya, inda titin Kaduna zuwa Kano ya gitta wanda ya nufi Samaru da Funtuwa, ya waiga gabas da yamma, kwano zai gani iya ganinsa. Wani sabo ne fil yana kashe ido, wani ya yi jajur da tsatsa, wani shuɗi ko kore irin dogon nan na alminiyam, wani kuwa an danne gefensa da bulo da tsofaffin tayoyi don kada iska ta yi gaba da shi. Haka abin yake har Sabon Gari, har a tsallaka Kubanni a shiga Tudun Wada. Duk wannan rufi mutane ne suka hau suka buga shi, kuma akasarinsu kayan aikinsu kaf ba su cika tsohon buhun siminti ba.

In aka zazzage buhun, ga abin da zai faɗo: guduma mai kunne biyu, wadda kafintoci suka fi kira hama, da zarto an naɗe haƙoransa da tsumma, da adda, da tef na awo, da ƙullin igiya, da guntun fensir. Mai ɗan hali yakan ƙara da almakashin kwano da filaya. Shi ke nan. Da waɗannan ake rufe shago, da su ake rufe gida mai ɗaki shida, domin a hannun mai rufi babu ƙarfen da aka yi wa aiki ɗaya.

Hamar ita ce uwa. Da bakinta ake buga ƙusa, da kunnuwanta ake zare wadda ta lanƙwashe, a ɗora ta a kan dutse a miƙe ta, a sake amfani da ita. Yaron kafinta yakan yi watanni aikinsa ke nan kafin a bar shi ya taka tsani. In gyara aka zo yi, da ita ake ɓanɓare tsohon kwano ba tare da an yaga shi ba, don maigida zai so ya rufe makewayi ko akurkin kaji da shi. Kafin a taka katakon da ya daɗe a sama sai an ƙwanƙwasa shi da ita: in ya amsa da ƙarfi lafiya lau, in ya yi sautin holoƙo to gara ta gama da cikinsa, saura ɓawo. Ƙotarta ma ma'auni ce. Gwani ya san tsawon ƙotar hamarsa, da ita yake raba tazarar katakon da kwano zai kwanta a kai, ba ya ɓata lokacin zaro tef. Ranar da ƙotar icen ta karye kuwa, ba a yar da kan. Wajen mai walda ake kai shi ya liƙa masa guntun bututun ƙarfe, a naɗe da robar tayar keke saboda santsin gumi. Irin wannan hama ta fi sabuwa daraja a wurin mai ita, kuma ba kasafai yake ba da aronta ba, ko ga abokin sana'a. Zarto ma haka: kowa da yadda yake wasa nasa da magagari, yake buɗa haƙoransa hagu da dama, wanda ya ara ya dawo da shi a dakushe ya sayi magana.

Adda kuwa ita ce mai aikin da ba a rasa ba. Ta sassabe reshen da ya rufa kan gini, ta fere bakin katako, ta feƙe fensir. In babu almakashi, sai a shimfiɗa kwano a kan katako, a ɗora kaifinta a kan layin da aka ja, a bi ta da hama har ya rabu. Yankan ba ya fita sumul, shi ya sa ake tura wannan gefen ƙarƙashin wani fallen inda ido ba ya gani.

Kafin ƙafar kowa ta taɓa tsani akwai abin da ba a tsallakewa. Gidajen nan katanga ɗaya ta raba su, wanda ya hau sama kuma tsakar gida huɗu ko biyar yake kallo, inda mata ke daka da wanki da kitso ba mayafi. Saboda haka sai an aika yaro gida-gida ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, wai an ce za a hau sama!" Sai an ji an amsa daga ciki, an ba da ɗan lokaci a kimtsa, sannan a jingina tsani. Mai rufin da ya san kansa idonsa a kan ƙusarsa yake har ya sauko, abin da ya gani kuma a can saman yake barinsa. Wanda aka san shi da leƙe-leƙe ko surutu, ko ya fi kowa iya aiki, unguwa za ta daina kiransa ba tare da an ce masa komai ba. A ganina wannan ladabi ya fi kowace takardar shaida auna ko wane ne ƙwararre.

Al'adar ta girmi kwano nesa ba kusa ba. Daga magina aka gaje ta, masu rufin ƙasa, waɗanda Zariya ta yi suna da su. A cikin birni har yau akwai unguwar Babban Gwani, sunan da aka laƙaba wa Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizon da ya ɗaura a ciki na nan, ko da yake a shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabo na kankare. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna shi sun zana, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Abin da ke ba mutum mamaki shi ne ƙarancin kayan da aka yi wannan aiki da su: gatari, da gizago, da fartanya, da igiya, da tafin hannu.

Ƙashin bayan rufin ƙasa azara ce, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, an kuma fi son ta namiji saboda tauri. Gara ba ta cin ta, tana iya shekaru aru-aru, har a rushe ɗaki a cire ta a sa a sabo. Aibinta ɗaya: in faɗin ya wuce kimanin mita 2 ba ta jure nauyin ƙasar da za a labta mata. Duk hikimar magina daga wannan gajartar ta fito. Sai a riƙa turo azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa da igiya ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya su zama baka. Bakuna su gitta juna, a jera gajerun azara a tsakaninsu, a shimfiɗa zana, a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Da yake ruwan Zazzau ya fi na Kano yawa, wajen milimita 1,000 a shekara, maginan nan sun fi karkata ga tulluwa, rufi mai tudu a tsakiya, don ruwa ya gangara ya bi indararo ya zuba nesa da gindin bango. A saman duka ake shafa abin da ke hana yoyo: ko makuba, daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Ka ga ke nan rufin ɗaki guda ya taɓa marini da majemi da maƙeri da mai saran ice.

Gizago shi ne hamar wancan zamani. Da shi ake sassaƙe azara, a daidaita bakinta, a fafe bango inda za ta zauna, a juya ƙeyarsa a doka. Maƙera na ƙera shi har gobe, yawanci da tsohon sifirin mota. Zankwayen nan da ke tsaye a kusurwar soro ma ba ado kaɗai ba ne, domin a jikinsu ake maƙala igiya in za a hau yaɓe. Yaɓen kuwa na kowace shekara ne, ko kusa da haka. Da zarar bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowane maigida hankalinsa na kan rufinsa.

Jinka kuwa, wadda yanzu sai an fita ƙauyukan Giwa ko Soba ko rugagen Fulani ake ganinta sosai, ba ta bukatar komai sai lauje da wuƙa da igiyar rama. A ƙasa ake ɗaura tsaiko da gora ko gwangwala, a yanta ciyawa, a kira maƙwabta su ɗaga shi gaba ɗaya su aza a kan bango, sannan a baibaye daga ƙasa zuwa sama. Aikin gayya ne, ladansa fura da goro.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kwano kuma ya biyo shi. Gine-ginen reluwe da kantunan Turawa a Sabon Gari su suka fara sa shi, kafintocin farko kuma galibi mutanen kudu ne. Tudun Wada, wadda Turawan mulki suka keɓe wa baƙi 'yan Arewa a wajen ganuwa, ta daɗe da gidajen ƙasa kafin ta bi sahu. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ma'aikata da ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, gidajen haya suka bazu a kan hanyar Samaru, mai gidan haya kuwa ba ya son rufin da zai riƙa yi wa hidima duk shekara. Kwano ya ci nasara ne don ya raba mutane da wahalar yaɓe, ba don ya fi daɗin zama ba. Duk wanda ya taɓa yin azumi a watan Afrilu a ɗakin kwano marar silin, ya kuma shiga soron ƙasa da azahar, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da canjin rufi hanyar koyon sana'a ta canza. Gini gado ne, ɗa ya tashi ya ga ubansa na yi, akwai kuma Sarkin Magina da ke raba aiki da sasanta rigima. Kafintanci kuwa kai yaro ake yi. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin mai shago ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana." Yaron ya fara da ɗaukar buhu da miƙe ƙusa da shafa wa katako baƙin mai saboda gara, ya koma miƙa kwano daga ƙasa, sannan a bar shi ya hau. A can sama ake koya masa abubuwan da ba a rubuta ba: a kan layin ƙusa ake taka ƙafa, don nan ne katako yake a ƙasa, a kan tudun kwano ake buga ƙusa mai hula, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, ba a ɗaga falle a tsaye in iska na kaɗawa. "Kai, danne shi! So kake ya tafi da kai?" In ya ƙware aka yaye shi, a yi 'yar walima da addu'a, maigidan nasa yakan haɗa masa da hama da zarto.

Ciniki jinga ne, ba lada na yini ba. Maigida da kafinta su zagaya ginin, kafinta ya ɗaga kai ya yi lissafi da baki: bandir kaza na kwano, kowane bandir falle 20, katako tubaifo kaza, tubaitu kaza, ƙusa kilo kaza. Maigida mai wayo shi yake zuwa 'Yan Katako da kansa, ko ya tura ƙaninsa su tafi tare. A ba da kafin alƙalami, sauran sai an sauko. Abincin rana a kan mai gini yake, ko ba a faɗa ba. Aikin kuma na sassafe ne, domin da hantsi ya dubi ludayi kwano ba ya takuwa.

Alƙalin aikin ba ya zuwa sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, lokacin guguwar farkon damina. A daren da ta taso ake sanin wanda ya lanƙwasa rodin da ke cikin bango ya ɗaure katakon rufi da shi, da wanda ya yi ha'incin ƙusa ya buga uku inda ya kamata ya buga biyar. Da gari ya waye sai ka ga rufin wani a kan wayar lantarki ko a tsakar gidan maƙwabci, kafintoci kuma a bayan acaɓa, zarto ya leƙo daga buhu, kowa na jan su. Shi ya sa da yawa yanzu suke ɗaga bango ya zarce rufin ya ɓoye bakinsa, wanda ba wani abu ba ne illa rawanin tsohon soro da aka maimaita da bulo.

Dogon kwanon alminiyam da mai ɓurɓushin dutse sun zo da nasu kayan: injin huda mai batir, da sukuru, da injin yanka mai bukatar janareta. Matasan kafintoci sun rungume su, suna ɗaukar hoton aikinsu suna turawa a WhatsApp don neman kwastoma. Sai dai injin tsada gare shi, yawanci haya ake ɗaukowa ko a yi karo-karo a saya, batirinsa kuma yakan mutu ana tsakar aiki a unguwar da ta kwana biyu ba wuta. Katakon da ke ƙarƙashin wannan kwano mai tsada har yanzu da zarto ake yanka shi, da hama ake haɗa shi, kuma ko a sababbin unguwannin bayan Hanwa sai an tura yaro maƙwabta kafin a jingina tsani.