Yawan ɗaukar hoton asibiti da haɗarin hasken X: abin da anka sani, da abin da ya kamata a yi

Gabatarwa

A ranar 8 ga watan Nuwamba na shekarar 1895 ne Wilhelm Rontgen, wani malamin kimiyya na jami'ar Wurzburg a ƙasar Jamus, ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa suna hasken X. Ba a yi shekara guda ba likitoci sunka fara aiki da shi, kuma ba a jima ba anka fara ganin ƙuna a hannuwan masu riƙe da na'urorin. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannuwansa biyu kafin sankara ta kashe shi a 1904. Ke nan tun farkon al'amari amfani da illa tare sunka taso.

Na'urorin yau ba sa ƙona kowa idan an yi aiki da su bisa ƙa'ida. Tambayar da ta rage ita ce ta maimaitawa: mutumin da anka yi wa hoto sau biyar, sau goma ko fiye cikin ƴan shekaru, wane haɗari ya ɗauka? A cikin wannan maƙala za mu rarrabe hotunan, mu bayyana yadda ake auna hasken, mu duba shaidun da ake da su, sa'an nan mu zo ga matakan kariya.

1. Hotunan ba iri ɗaya ba ne

Abin da mutane ke kira "hoto" a asibiti ya kasu gida biyu. Gida na farko ya ƙunshi waɗanda ke aiki da haske mai ƙarfin ɓamɓare ƴan ƙwayoyin lantarki daga jikin zarra. A nan ne ake samun radiyo, watau hoton ƙirji ko na karaya da kowa ya sani, da hoton mama, da hoton haƙori, da hoto mai motsi wanda likita ke kallo a allo yana cikin aiki, da kuma sikana. Akwai kuma hoton da ake yi bayan an yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da haske daga cikin jiki. Gida na biyu ya ƙunshi eko, wadda ke aiki da amo, da IRM, wadda ke aiki da maganaɗisu. Waɗannan biyun ba su da hasken X ko kaɗan, sabili da haka maganar da za mu yi ba ta shafe su ba.

Sikana ce ta fi jan hankalinmu. Injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta farko a Ingila, anka gwada ta a kan maras lafiya a Landan cikin 1971. Maimakon hoto guda daga gefe guda, bututun haske yana kewaya jiki yana ɗauka daga kusurwoyi da yawa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da jiki yanki-yanki. Abin da take nunawa ya fi na radiyo nesa ba kusa ba, amma hasken da jiki ke sha ma haka.

Ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yaɗu. Hasken radiyo ko na sikana ba ya zama a cikin jiki. Da an kashe na'ura ya ƙare, kuma wanda anka yi wa hoton ba ya shafa wa iyalinsa kome. Abin da ke iya saura shi ne ɓarnar da hasken ya yi sa'ad da yake wucewa.

2. Yadda ake auna hasken

Adadin hasken da wata gaɓa ta sha ana auna shi da miligire (mGy). Amma gaɓoɓi ba su da rauni iri ɗaya: ɓargo, huhu, hanji, mama da tumbi sun fi fata da ƙashi saurin cutuwa. Don a iya kwatanta hoton kai da na ciki, sai a yi lissafin da ya kula da wannan bambanci, a fitar da doz guda ta jiki duka, wadda ake aunawa da milisibat (mSv).

Ma'aunin da ya fi sauƙin fahimta shi ne hasken da kowa ke sha daga halitta: daga duwatsu da ƙasa, daga iskar radon da ke tasowa daga ƙasa, daga sararin sama, har daga abinci. Matsakaicinsa a duniya ya kama daga mSv 2,4 zuwa 3 a shekara. Idan munka ɗauki 2,4, ga yadda hotunan da anka fi yi suke, bisa matsakaici:

- hoton haƙori: mSv 0,005, ƙasa da kwana guda na hasken halitta;
- radiyon ƙirji: mSv 0,1, kimanin kwana 15;
- hoton mama: mSv 0,4, kimanin wata 2;
- radiyon ƙashin baya na ƙasa: mSv 1,5, kimanin wata 7;
- sikanar kai: mSv 2, kimanin wata 10;
- sikanar ƙirji: mSv 7, kimanin shekara 3;
- sikanar ciki da ƙugu: mSv 10, kimanin shekara 4.

Abu biyu ke fitowa daga wannan jeri. Na farko, sikanar ciki guda ta yi daidai da radiyon ƙirji ɗari. Na biyu, matsalar taruwa matsalar sikana ce kafin kome. Sai a ƙara da cewa a zama guda ana iya bi ta kan ciki sau biyu, uku ko huɗu, kafin allurar da ke haska jijiyoyi da bayanta, kuma kowane bi doz ce cikakkiya. Haka nan hoto iri ɗaya dozarsa na iya ninkawa daga wannan asibiti zuwa wancan, gwargwadon na'ura da yadda anka daidaita ta.

3. Illa iri biyu

Illar farko ita ce wadda ke da iyaka sananna. Idan doz ta wuce wani matsayi ƙwayoyin jiki da yawa sun mutu, sai fata ta yi ja ko gashi ya zube. Fata na fara ja a wajen mGy 2.000, abin da hoton yau da kullum bai ko kusanta ba. Ana ganin haka ne a aikin jijiyoyi mai tsawo ƙarƙashin hoto mai motsi, ko kuma in an yi kuskure. Misali, tsakanin 2008 da 2009 wani babban asibiti na Los Anjalas ya ba mutum 206 doz da ta kai ninki takwas na wadda ta dace a sikanar ƙwaƙwalwa, kuma ba a farga ba sai da wani maras lafiya ya kai kukan zubewar gashi.

Illa ta biyu ita ce ta dace. Hasken na iya tsinka zaren ADN da ke cikin ƙwayar jiki. Galibi ƙwayar na gyara kanta, ko ta mutu a maye gurbinta. Wani lokaci kuwa gyaran ya zo da kuskure, ƙwayar ta rayu da shi, kuma bayan shekaru ta zama tushen sankara. Sankarar jini na iya bayyana daga shekara 2 zuwa 5, sauran kuwa sukan ɗauki shekara 10 ko fiye. A nan yawan doz ba ya ƙara tsananin ciwon, yiwuwar samunsa yake ƙarawa. Kuma babu gwajin da zai nuna cewa wannan sankara daga haske ta fito, wancan kuwa daga taba ko gado.

4. Shaidun da ake da su

Babban tushen saninmu shi ne bibiyar waɗanda sunka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945. Tun 1950 ake bin mutum kusan dubu 120, kuma an ga ƙarin sankara a fili daga wajen mSv 100 zuwa sama. Ƙasa da haka ƙarin yana da wuyar rarrabewa daga sankarar da mutane ke samu dama. Hukumar duniya ta kariya daga haske, CIPR, wadda anka kafa a 1928, ta ɗauki matsayin cewa haɗarin na tafiya daidai da doz har zuwa ƙasa, babu iyakar da za a ce ƙarƙashinta babu kome. Wannan zato ne na taka-tsantsan, kuma akwai masana da ke jayayya da shi, amma a kansa anka gina dokokin kariya.

Game da maimaita hoto, shaida mafi daɗewa ta fito daga masu tarin fuka. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950, kafin a sami magungunan yau, a Amurka da Kanada ana hura iska a ƙirji don a hutar da huhu, ana kuma duba shi da hoto mai motsi a kai a kai. Matan da anka bi a jihar Masacusat an duba su sama da sau 80 bisa matsakaici. Kowane dubi ƙarami ne, amma bayan shekaru sankarar mama ta fi yawa a cikinsu, musamman waɗanda anka fara yi wa suna ƴan mata. Da yayyafi kogi kan cika. A 1956 kuma Alice Stewart, a Okusfod, ta nuna dangantaka tsakanin radiyon cikin mai juna biyu da sankarar yaron da anka haifa.

Game da sikana kanta, binciken da anka buga a Ingila a 2012 ya bi yara da matasa kusan dubu 178. An ga cewa doz da ta taru har mGy 50 a ɓargo na ninka haɗarin sankarar jini kusan sau uku, haka ma mGy 60 a ƙwaƙwalwa game da ƙarin ƙwaƙwalwa. Sai dai waɗannan cututtuka ba su da yawa tun asali, don haka ƙarin ya tsaya a kan sankarar jini guda da ƙari guda a cikin sikanar kai dubu 10 da anka yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 10. An soki wannan bincike da cewa wataƙila ciwon da ya sa anka yi hoton shi ne ya jawo sankarar. Binciken EPI-CT, wanda ya haɗa ƙasashen Turai 9 da mutum fiye da dubu 900, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan tarko, kuma sakamakonsa na 2023 ya zo kusa da na farko: ƙarin sankarar jini ko ta kaluluwa 1 zuwa 2 a cikin yara dubu 10, cikin shekara 12 bayan hoton.

5. Lissafin haɗari

CIPR, a shawarwarinta na 2007, ta ƙiyasta haɗarin mutuwa da sankara a wajen kashi 5 cikin 100 ga kowace mSv 1.000. Idan munka bi wannan, sikanar ciki guda ta mSv 10 na ƙara haɗari 1 cikin 2.000. A Amurka, inda kimanin mutum 400 cikin 2.000 ke mutuwa da sankara ko ba hoto, adadin ya tashi ke nan daga 400 zuwa 401. Sikana goma irin wannan kuwa, watau mSv 100, sun kai 1 cikin 200, wanda ba abin rainawa ba ne.

Wannan matsakaici ne, kuma shekaru na sauya shi ƙwarai. Ƙwayoyin jikin yaro na rarrabuwa da sauri, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da ciwon zai bayyana a cikinsu, don haka haɗarinsa ya ninka na babba. Dattijo mai shekara 70 nasa ya yi ƙasa da matsakaicin sosai. Mace ta ɗan fi namiji, saboda mama da huhu.

Abin da yake ƙarami ga mutum guda yana girma idan an tara jama'a. A Amurka an yi sikana kimanin miliyon 3 a 1980, miliyon 62 wajen 2006, da miliyon 93 a 2023. Wani lissafi da anka buga a 2025 ya yi hasashen cewa hotunan 2023 kaɗai na iya jawo sankara kimanin dubu 103 nan gaba. A lura, hasashe ne bisa zaton da munka ambata a sashe na 4, ba ƙidayar marasa lafiya ba ce.

6. Kariya, da halin da muke ciki

Ga ma'aikatan da ke aiki da haske an sa iyaka: mSv 20 a shekara, bisa matsakaicin shekara biyar. Ga sauran jama'a mSv 1 ce, ban da ta halitta. Maras lafiya kuwa ba a sa masa iyaka ba, kuma da gangan ne: wanda ya faɗi daga babur jini na taruwa a kansa, ko mai sankarar da ake bibiyar maganinta, ba a hana shi sikana don ya yi wasu a baya. Ƙa'ida biyu ke kare shi. Ta farko, hujja: kada a yi hoto sai in sakamakonsa zai sauya abin da za a yi wa mutum, kuma eko ko IRM ba za su ba da amsar ba. Ta biyu, daidaitawa: a tsaya ga gaɓar da ake nema, a rage yawan bi, kuma kada a yi wa yaro da ma'aunin babba. Hukumomin AIEA da OMS sun sake jaddada waɗannan a taron Bon na 2012.

A Nijar babbar matsala har yanzu ƙarancin na'ura ce: sikana na cikin asibitoci ƙalilan na manyan birane, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutane da yawa. Duk da haka maimaitawa na faruwa, ta wata hanya dabam. Maras lafiya ya yi hoto a Damagaram, a tura shi Yamai ko ya ƙetara Kano, ambulan ɗin hoton ta ɓace ko a manta ta gida, sai a sake. Asarar biyu ce, ta kuɗi da ta doz. Kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, watau rukunin da ya fi rauni. An kafa cibiyar ƙasa ta kariya daga haske a 1998, da hukumar ARSN a 2016, amma doka ba ta isa ba sai da aunin na'urori a kai a kai da horar da masu aiki da su.

Matakin da ya fi araha shi ne rubutu. A sa kowane hoto a cikin karnen lafiya, da ranarsa da gaɓar da anka ɗauka, maras lafiya kuma ya riƙe hotunansa ya nuna su ga duk likitan da ya gani. Mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana zato, don a zaɓi hanyar da ta fi dacewa. Galibin hotuna dozarsu ga ɗan tayi na ƙasa sosai da mGy 100, matsayin da ake fara tsoron tawaya.

Kammalawa

Mun ga cewa haɗarin hoto guda ƙarami ne, cewa yana taruwa, cewa sikana ce ke ɗauke da mafi yawansa, kuma yara sun fi shiga ciki. Wanda ya ƙi hoton da ke da hujja don tsoron haske, garin neman gira zai rasa ido. Hoton da ba shi da hujja kuwa doz ce anka sha a banza. Aikin da ke gaban malamai da ɗalibanmu shi ne tattara alƙaluman doz daga ɗakunan hoto na ƙasar nan, gaɓa-gaɓa da shekaru-shekaru, domin a fitar da ma'aunin da kowane asibiti zai gwada aikinsa da shi.