Ko Kun Sani? Gwarzayen da Aka Raina a Ranar Zaɓe

A kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, wato ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i cikin zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ce ke fara ɗauka. Sai dai ba kullum hasashen masana ke cika ba.

A 2000, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin New England Patriots ta kira sunan Tom Brady a zagaye na shida. Wannan da aka raina ya lashe kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau bakwai, abin da babu wani ɗan wasa da ya taɓa yi. Tun a 1995 ma ƙungiyar besbol ta Montreal Expos ta zaɓe shi, amma ya wuce jami'ar Michigan.

Shi kuwa Kurt Warner ko kallo bai samu ba a zaɓen 1994. Sai da ya yi aikin jera kaya a wani kanti a jihar Iowa, kafin ya jagoranci St. Louis Rams ta ɗauki kofin a Janairun 2000.

Antonio Gates ƙwallon kwando ya buga a jami'ar Kent State. San Diego Chargers ta ɗauke shi a 2003 bayan an kammala zaɓe, ya kuma buga mata wasa har kaka 16.