Naira 3,000 a Shekara: Abin da Inshorar Babur Ke Biya, da Wanda Ta Bari a Waje

A shekarar 2024 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga haɗurra 9,570 a titunan Najeriya, waɗanda suka ci rayuka 5,421. A 2023 haɗurran 10,617 ne, mamata 5,081. Haɗurra sun ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari ke nan, amma mace-mace sun ƙaru da kusan kashi 7. In aka raba, kowane haɗari ɗari ya kashe kimanin mutum 48 a 2023, a 2024 kuwa 57. Gobarar tankokin mai, irin wadda aka yi a Majiya ta jihar Jigawa cikin watan Oktoba, tana cikin abin da ya ɗaga adadin.

Sai dai waɗannan alƙaluma na abin da ya iso hannun hukuma ne kawai. A rahotonta na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye lambobi biyu gefe da gefe game da Najeriya a shekarar 2016: mutum 5,053 da hukumomin ƙasar suka rubuta, da 39,802 da ita ta ƙiyasta. Tazarar ta kusa ninki takwas. A lissafin farko ana rasa mutum 14 a kullum, a na biyu sama da 100.

Ina sauran suka shiga? Jami'an FRSC sun fi yawa a manyan hanyoyi, kuma haɗarin da ya tare titi shi ake kiransu a kai. Ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar ƙauye, aka yi masa sutura kafin la'asar, babu wanda ya rubuta shi. Haka wanda aka kai gidan mai ɗori da karaya, alhali jini na taruwa a kansa, ya cika bayan kwana huɗu. Ra'ayina shi ne mahaya babur su ne kaso mafi tsoka cikin waɗanda lissafi ke tsallakewa, domin haɗarinsu ƙarami ne a ido, kuma galibi a wurin ake sasantawa a watse.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 suka mutu a titunan duniya a 2021, kuma kashi 21 cikin ɗari masu babura ne, masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku. Yankin Afirka yana da kimanin kashi 3 cikin ɗari na ababen hawan duniya, amma kusan kashi 19 na mamatan nasa ne.

A kan hular kwano alƙaluma ba su da ja-in-ja. Wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara bincike masu yawa a 2008 ya nuna cewa hular tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Najeriya ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairun 2009. Cikin makon farko aka ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su wuce shingen jami'ai, labarin ya zaga duniya. Mutane da yawa dariya suka yi, amma akwai dalilai a ƙarƙashin abin: farashin hular ya tashi nan take, fasinjoji na ƙyamar sa wadda kowa ya sa, ga jita-jitar cewa ana iya yi wa mutum asiri ta cikinta. Ba a zauna da mahayan an warware waɗannan ba, tilastawar ta yi sanyi. Biyetnam ta kafa irin wannan doka a Disambar 2007, ta shirya mata da wayar da kai da hula mai sauƙin kuɗi da ta dace da zafi, masu sawa suka haura kashi 90 cikin ɗari. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja.

Horarwa kuwa labarinta ya fi sarƙaƙiya. A 2010 Cochrane ta duba bincike 23 kan koyar da tuƙin babur, ta ce ingancinsu bai kai a yanke hukunci kan irin horon da ke rage haɗari ba. Kada a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa horo banza ne. Kusan duk binciken a ƙasashe masu arziki aka yi su, inda ko wanda bai je kwas ba sai ya ci jarrabawar lasisi. A wurinmu yaro yakan koyi mashin cikin yini biyu a filin makaranta, a hannun yayansa, kashegari ya fara ɗaukar goyo. Doka ta tanadi lasisin rukunin A ga mai babur, shekarun kuma 18, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha ya san mai riƙe da shi ɗaya-ɗaya ne.

Abin da ba a koya wa wannan yaro lissafi ne mai sauƙi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafa ta kai kan birki. In gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya yakan ninka huɗu. Birkin gaba shi ke ɗauke da kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa, amma mahaya da yawa tsoronsa suke, don an gaya musu yana kifar da mutum. Wasu kuma suna cire madubi tun ranar da suka fito da sabon mashin. Waɗannan abubuwa ne da malami nagari zai gyara cikin kwana biyu ko uku a fili.

Gwamnatoci dai hanyar haramci suka fi bi. Abuja ta kori acaɓa daga tsakiyar birni a 2006. Kano ta hana goyo a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Legas, inda dubban mahayan 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, ta taƙaita su a 2012, ta ƙara tsanantawa a 2020 da 2022. Haramcin bai rage bukatar babur ba. Ya tura shi lunguna da bayan gari, inda babu mai tambayar lasisi balle horo.

Yanzu ga takardar inshora. An fara kafa dokar da ta wajabta inshorar ɓangare na uku ga ababen hawa ne a 1945, Dokar Inshora ta 2003 ta sake jaddada ta. A Disambar 2022 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a iya biya kan ɓarnar dukiya kuma daga miliyan ɗaya zuwa uku. A Daidaita Sahu naira 5,000, iyakarta miliyan biyu. Babur naira 3,000, iyakarsa miliyan ɗaya. Naira 3,000 a shekara kimanin naira 8 ce a rana, ba ta kai kuɗin ledar ruwa ɗaya ba.

Duk da wannan araha, yawancin masu abin hawa ba su da ita. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta ababen hawa kusan miliyan 11.8 a ƙarshen 2018, ƙungiyar kamfanonin inshora ta NIA kuma ta sha faɗin cewa kimanin miliyan uku ne kawai ke da sahihiyar inshora. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Da yawa cikin sauran suna riƙe da takarda, amma ta bogi ce, wadda ɗan kamasho ya haɗa musu da sauran takardun mota. Ana iya tantance ta gaskiya a rumbun bayanan NIID ta hanyar danna *565*11# a waya. 'Yan sanda sun fara kamen marasa inshora ran 1 ga Fabrairun 2025.

Tsada ba ita ce ta hana ɗan acaɓa ba, a ganina. Abin da ya hana shi shi ne ya duba takardar bai ga kansa a ciki ba, kuma gaskiyarsa. Ɓangare na farko shi ne mai babur, na biyu kamfani, na uku kuwa wanda aka buge ko aka ɓata wa dukiya. Takardar tana biyan mai tafiya a ƙasa da aka karya, tana biyan gyaran motar da aka goga. Ba ta biyan kuɗin asibitin mahayin, ba ta gyara mashin ɗinsa, in ya rasu iyalinsa ba su da ko sisi a wurin kamfani. Mutumin da ya fi kowa kusa da kwalta shi aka bari a waje. Batun fasinja ma yana da tarko: in an yanki takardar da sunan babur na hawa, alhali haya ake yi da shi, kamfani na iya ƙin biya.

Miliyan ɗayan ita ma ta tsufa. Farashin sabon Boxer ya riga ya haura ta, balle fitila da ƙofar babbar mota.

A ɗora wannan kan yadda ake jinya a ƙasar. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Karayar cinya mai bukatar tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala tana nufin watanni babu aiki, ga kuɗin ƙarfe da magani. In mashin ɗin na maigida ne, balas ya tsaya, a karɓe shi a ba wani. In na bashi ne, bashin bai san karaya ba. Shi ya sa ake wucewa gidan mai ɗori ko da raunin ya fi ƙarfinsa, shi ya sa kuma ake ganin karo-karo a masallatai bayan sallar Juma'a.

Abin da ya dace da mahayi shi ne inshorar raunin jiki, wadda ke biyan jinya, naƙasa da rasuwa, ko da wane ne mai laifi. Kamfanoni suna sayar da ita, kuma ta fi sauƙi in ƙungiya ce ta saya wa mambobinta a dunƙule. Hanyar tara kuɗin tana nan tuntuni, domin ƙungiyoyin 'yan acaɓa irin su ACOMORAN suna yankar tikiti kullum. A matsayin misali kawai, reshe mai mahaya 1,000, in kowa ya ware naira 50 a kwanakin aiki 300, ya tara naira miliyan 15 a shekara. Da wannan za a iya zama da kamfani a yi ciniki, a kuma sa sharaɗi: wanda ya yi kwas na kwana uku, ya karɓi lasisi, yana sa hula, a rage masa kuɗin. A nan horo zai zama abin da ke da riba a aljihu.

Akwai kuma masu gudun inshora saboda shubuhar riba da caca, kuma damuwarsu abin saurare ce. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi a 2016. A tsarin takaful mambobi suna zuba kuɗi ne a matsayin taimakon juna, abin da ya yi saura bayan biyan waɗanda suka yi asara ana iya raba musu. Shugabannin rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato da Agege za su iya gayyatar waɗannan kamfanoni zuwa taron wata, su nemi farashi a rubuce na mahaya ɗari biyar ko dubu, tare da adadin kwanakin da za a ɗauka kafin a biya wanda ya kawo takardar asibiti.