Yadda Ake Zaɓen Finfointa, Ƙaramar Na'urar Gano Ƙarfe Ta Hannu

Duk wanda ya saba kallon bidiyon masu neman tsofaffin kuɗi a gonakin Ingila ko bakin teku a Amurka a YouTube da TikTok zai lura da abu ɗaya. Bayan babbar na'ura mai faifai ta yi ƙara an haƙa rami, sai mutumin ya zaro wata ƙaramar na'ura daga ƙugunsa, mai kama da tocila, ya cusa ta cikin ramin. Ita ce finfointa. Babbar na'ura tana nuna cewa akwai ƙarfe a wurin, amma ba ta iya shiga rami. Ƙaramar ce ke nuna ainihin dunƙulen ƙasar da abin yake ciki. Idan babu ita, mutum zai iya ɓata minti goma yana tonon ƙasa da yatsu, ko kuma shebur ya karce tsohon kwabon da ya fi shekara ɗari a kwance lafiya.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne tambayar zurfin da take gani. Finfointa ba don zurfi aka yi ta ba. Ko mai tsada ce, 'yan santimita kaɗan take jin kwabo daga bakinta, kuma hakan ya wadatar. Wadda ke kuka tun daga nesa ma wahala take ƙarawa, domin ramin gaba ɗaya zai riƙa yi mata ƙara. Tallar da ke alƙawarin rabin mita a na'urar da ba ta wuce tsawon tocila ba, a yi hattara da ita. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne irin ƙasar da za a yi aiki a cikinta.

A cikin bakin na'urar akwai naɗin waya da ke fitar da filin maganaɗisu. Idan ƙarfe ya shigo filin sai ya jirkita shi, na'urar ta amsa da ƙara ko jijjiga, kuma amsar tana ƙara sauri gwargwadon kusantar abin. Matsalar ita ce ƙasa ma tana iya jirkita filin. Jar ƙasa da marmara suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, rairayin bakin teku kuma yana da jiƙaƙƙen gishiri. A irin waɗannan wurare na'ura mai arha takan yi ta kuka alhali babu komai.

Maganin farko shi ne maɓallin sake saiti. Ana dafa bakin na'urar a kan ƙasar, a danna maɓallin, sai ta ɗauki wannan ƙasar a matsayin sifili ta yi shiru. Dabarar tana da wani amfani kuma: idan an kusanci abin da ake nema har ƙarar ta cika, a sake dannawa, sai da'irar jin ta tsuke, ta kai mutum kan abin daidai. Finfointar da ba ta da wannan, ko ba a iya rage mata kaifin ji, ba ta cancanci kuɗin kowa ba a jar ƙasa.

Magani na biyu yana cikin fasahar kanta. Yawancin finfointoci na tsarin VLF ne, wato suna aika siginar ba yankewa. Garrett Pro-Pointer AT, wadda masu sha'awar harkar ke kira karas saboda launinta na lemo, tana cikin wannan rukuni, tana da matakan kaifin ji 3. Ɗaya tsarin shi ne PI, mai aika siginar bugu-bugu yana sauraron amsa a tsakani. Wannan ya fi jure gishiri da ƙasa mai sinadari. Nokta PulseDive ta ƙasar Turkiyya da Fisher F-Pulse ta Amurka duk PI ne. Raunin PI shi ne ba ya bambance ƙarafa, ƙusa da zobe duk ɗaya ne a wurinsa. Ga mai aiki a tsohon kango mai cike da ƙusoshi, Minelab Pro-Find 35 ta Ostireliya tana ba da sauti daban idan baƙin ƙarfe ta ji. Ba kullum take dacewa ba, amma tana rage wahala.

Batun ruwa kuwa masu wayar zamani sun riga sun san harshensa. IP67 na nufin mita 1 na tsawon minti 30, kamar dai a waya. Pro-Find 35 tana jure mita 3, XP MI-6 ta Faransa mita 6, PulseDive kuma an yi ta ne don masu nutso, har mita 60. Wanda ba zai taɓa shiga kogi ba ma yana buƙatar mai jure ruwa, saboda dalili mai sauƙi: bayan aiki cikin taɓo sai an wanke ta a famfo, kuma murfin da ya hana ruwa shiga shi ne ke hana ƙura.

Sai batir. Garrett da Minelab suna amfani da batir mai kusurwa huɗu na 9V, wanda ba kowane shago ke da nagari ba, kuma idan ya yi rauni na'urar kan fara ƙarar ƙarya. F-Pulse tana cin AA guda 2, irin na rediyo da ake samu ko'ina. MI-6 da PulseDive da Nokta AccuPoint caji ake yi musu, don haka mai fawabank a aljihu ya huta. Sai dai batirin da ke manne a ciki idan ya mutu bayan shekaru, ba a canza shi a tsakiyar gona.

Akwai abin da ba a cika rubutawa a kwali ba. Finfointa da babbar na'ura suna iya shiga wa juna sigina, ɗaya ta sa ɗaya surutu. MI-6 tana haɗuwa da na'urar XP Deus ba tare da waya ba, sautinta ya fito a abin kunne ɗaya, amma wanda ba shi da na'urar XP kuɗin wannan haɗin a banza zai biya. MI-4 ta ishe shi. A duba kuma ko tana zuwa da kube da igiyar ɗaurawa, domin finfointa ta fi ɓacewa a ciyawa fiye da lalacewa. Baƙar na'ura a cikin ciyawa da magariba sai an sha nema.

Jabu sun cika kasuwannin intanet, musamman masu kwaikwayon karas ɗin Garrett, har da kwali da tambari. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na dillali alama ce. Idan kayan ya iso, a gwada shi da kwabo da ƙusa da ƙaramin ɗan kunne, a bakinsa da gefensa, sannan a kunna shi a bar shi a iska minti biyu. Nagari zai yi shiru.

Masu neman zinariya a Sudan da yankin Agadez sun san na'urorin gano ƙarfe sosai, amma bukatarsu daban ce. Ƙwayar zinariya ƙarama sau da yawa finfointa ba ta jin ta, shi ya sa masu wannan aiki kan ɗebi ƙasa a cokalin roba su wuce da ita ta kan faifan babbar na'ura.

Kafin a haƙa ko'ina sai da izinin mai fili. A Ingila dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya kai matsayin taska cikin kwana 14. A Najeriya, tonon kayan tarihi yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma tsohuwar ganuwa ko kufai ba wurin gwada sabuwar na'ura ba ne.